Rumbunmu a rufe yake, yaranmu suna ci a maƙwabta

A watan Maris na 2025 aka sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Tun daga lokacin ake ta muhawara a fada, a majalisun shan shayi da cikin zaurukan WhatsApp. Wasu na murna, wasu na ƙorafi, wasu na jiran su ga abin da zai biyo baya. Ni tambayar da ta dame ni, wadda nake son mu duba tare, ƴan uwana malamai da iyaye, ita ce: yaro ɗan shekara 13 a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, a ina yake haɗuwa da wannan harshe da al'adun da harshen yake ɗauke da su? Idan muka cire abin da yake ji a bakin uwarsa da abokan wasansa, saura duk a waya yake samunsa, ko tasa ko ta yayansa ko ta maƙwabci. Amma har yanzu manufarmu ta raya al'adu tana tafiya kamar filin biki ne kaɗai wurin da ɗan ƙasa yake ganin al'adarsa.

Ba raina bukukuwa nake yi ba. Waɗanda suka girme ni suna ba da labarin zamanin samariya, lokacin Seyni Kunce, yadda kowace jiha take shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo ta je ta kara da sauran a bikin matasa na ƙasa. Kokowar takobi, tun da aka fara ta a Tawa a 1975, ta zama abin da ke tsayar da ƙasar nan cak na kwana goma. Ɗan kasuwa ya jingina rediyo a kan buhu, ma'aikaci ya saci jiki daga ofis. Akwai gasar Ɗan Gurmu ta mawaƙa, akwai Biyanu a Agadas, akwai taron makiyaya na Ingal, akwai hawan salla a ƙofar fadar Damagaram. Duk wannan dukiya ce. Sai dai biki kwanaki ne ƙidayayyu a shekara. A tashi taro, a naɗe tabarmi, manyan baƙi su koma Yamai. Waya kuwa kullum tana nan, bayan sallar isha'i, cikin duhun ɗaki, ba hutu ba damina.

To me ke cikinta? Finafinan Kano, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, wasannin Turkiyya masu dogon zango, barkwancin TikTok, ƙwallon Turai, wa'azin malamai na kusa da na nesa. A ciki akwai mai kyau, akwai shara, kamar kowace kasuwa. Ban ga laifin mutanen Kano ba don sun yi aiki sun cika kasuwa. Ƴan uwanmu ne, iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ba mu muka shata ta ba. Abin da nake so kowa ya gwada shi ne ya ɗauki wayarsa ya nemi wasannin Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram, waɗanda suka sa iyayenmu dariya har da hawaye, suka kuma faɗa wa masu mulki gaskiya cikin raha. Abin da zai samu guntaye ne da wasu masu kishi suka ɗora da kansu, hoto dishi-dishi, murya na yankewa, babu shekara, babu sunayen ƴan wasa. Ya nemi karawar Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi, ko finafinan Umaru Ganda, mutumin da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Yaro zai fi saurin samun tarihin ɗan ƙwallon Sifen da hotunan gidansa da motocinsa. Idan ya taso ya san wancan bai san waɗannan ba, kada mu ce ya raina gida. Abin da aka ajiye a gabansa ya ci.

Abin takaicin shi ne ba rashin abinci ne ya kawo haka ba. Rumbun cike yake, ƙofarsa ce a rufe. Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki tun 1958, ya yi shekaru yana naɗar makaɗan fada, masu gurmi da goge da kalangu, masu tatsuniya, masu kirarin ƴan kokowa, wasannin kwaikwayo na rediyo. A shekarun 1960 ƙungiyoyin masu sauraren rediyo sun riƙa yawo ƙauyuka da na'ura suna ɗaukar muryar manoma da makiyaya da mata. A jami'ar Abdu Mumuni akwai cibiyar IRSH, inda aka adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kimanin 4,000, aikin da marigayi Bubu Hama ya aza harsashinsa. A nan Yamai ɗin dai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara tarihin baka na Afirka. Ga gidan tarihi na ƙasa da aka kafa a 1959. Ga littattafan da INDRAP ta rubuta cikin harsunanmu don makarantu, waɗanda malami a ƙauyen Dakwaro ko Magarya zai yi shekara goma yana koyarwa bai taɓa riƙe ɗaya a hannunsa ba.

Kuma wannan ajiya ba ta jira. Faifan zare da kaset ba dutse ba ne. Zafinmu na Afrilu yana sa zaren ya manne da juna, ƙura tana cinye shi, damshin damina yana kawo masa fumfuna, takarda kuwa gara ce ke jiranta. Ko faifan ya tsira, na'urar da za ta karanta shi an daina ƙera ta, masu gyaranta sun tsufa. Duk shekarar da ta wuce ba a juya waɗannan muryoyi zuwa kwamfuta ba, akwai tsohon da ya sake mutuwa karo na biyu, kuma wannan karon babu mai yi masa zaman makoki domin babu wanda ya san an yi rashin. Na san ana ɗan taɓa aikin nan da can, sau da yawa da tallafin waje. Amma juyawa a ajiye cikin kwamfutar ofis rabin aiki ne. Sai abin ya kai kunnen yaro sannan ya zama al'ada mai rai.

Labarin Mamman Sani ya isa misali. Duk wanda ya saurari rediyo ko ya kalli Tele Sahel a shekarun baya ya san sautin kiɗansa na organ da ake sawa tsakanin shirye-shirye, ko da bai san sunan mai shi ba. Ya naɗi kaset a 1978, aka buga kaɗan, abin ya kwanta. Sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya sake fitar da shi a 2013, sannan duniya ta ji, har aka gayyaci dattijon ya yi wasa a Turai. Haka Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa: waƙoƙinsa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara kafin wannan kamfani ya bi sawunsu ya nemo shi, yau yana cika manyan dandali a Amurka. Ban zargi baƙon ba, ya yi abin kirki. Tambayata ga kanmu ce. Kaset ɗin a gidanmu yake kwance shekara 35. Me ya hana mu?

Na san abin da iyaye da yawa za su ce, domin ina jinsa a kowane taron iyayen yara: intanet ɗin nan ita ce ta ɓata tarbiyya, abin da ya kamata gwamnati ta yi shi ne ta toshe TikTok, ta kama masu rawar banza, ta huta. Damuwar gaskiya ce, ni ma uba ne. Akwai abubuwan da bai kamata ido ya gani ba balle idon yaro, kuma tun 2019 akwai dokar hukunta laifukan intanet a ƙasar nan. Amma toshewa ba ta cika kwano. Ka hana yaro tuwon maƙwabta alhali tukunyar gidanku ba ta kan wuta, zai haura katanga ne kawai. Yaran yanzu kuwa sun fi mu sanin inda katangar take da gajarta. Manufar al'adu da ta tsaya kan hani aikin ɗan sanda ce. Ma'aikatar al'adu aikinta ya wuce nan: ta sa a gaban yaro abin da zai so ya kalla, wanda kuma nasa ne.

Wasu kuma za su ce wannan zancen ƴan birni ne. Mafi yawan ƴan Nijar ba su kan intanet, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, forfe na da tsada, rezo na zuwa yana ɗaukewa, ga matsalar tsaro da ke cinye kuɗin ƙasa. Duk haka ne. Sai dai wanda ya zauna ƙauye ya san abin intanet ba ya tsayawa inda rezo ya tsaya. Mutum ɗaya ya sauke a birni, ranar kasuwa ya kai wa mai cajin waya, shi kuma ya zuba wa mutum hamsin a katin waya kan ƴan daloli, daga nan Bluetooth da Xender su ƙarasa aikin. Tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya ba tana aika saƙon murya ga ɗanta da ke ci-rani a Legas ko Libiya. Hanyar a shimfiɗe take, talakawa sun shimfiɗa ta da kansu ba tare da taron ƙara wa juna sani ko ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne abin da za a ɗora mata.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a fara da manyan gine-gine da sayen kwamfutoci dubu ba. Mun taɓa gwada irin wannan. A shekarun 1960 Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka shigar da talabijin cikin aji, masana suka yi ta zuwa kallo daga ƙasashen waje, amma abin bai game ƙasa ba, daga baya ya tsaya. Na'ura tana tsufa, tana lalacewa, mai tallafi yana gajiya. Abin da ke daɗewa shi ne abin da aka zuba cikinta. A buɗe rumbu guda na ƙasa a intanet, a zuba muryoyi da finafinai da littattafai, kowanne da sunan mai shi da garinsu da shekarar da aka ɗauka. A yi su marasa nauyi, yadda ƙaramar waya za ta ɗauka, a fifita murya a kan bidiyo, a kuma bar kowa ya sauke ya raba, gidajen rediyon karkara su ɗiba su watsa. Sannan gwamnati ce ke ba Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms lasisi, kuma kamfanonin waya suna zuba wani kaso na cinikinsu a asusun da aka ware don kai sadarwa ga kowa. Ba abin da zai hana a zauna da su a ce shiga wannan rumbu kyauta ne, ba ya cin mega. Wannan shawara ce ta alƙalami, ba ta bukatar siminti.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar sana'ata, wato rubutu. A makarantar horon malamai inda nake koyarwa, kusan duk ɗaliban da Hausa ce harshensu suna rubuta ta kullum a waya, amma ƙalilan ne suka taɓa koyon ƙa'idarta. Sai ka ga an rubuta gaisuwar safe da "kouana", a rubuta ci da "tchi", jiya da "djia", domin da haruffan Faransanci aka koya musu riƙe bik. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ba a maganarsu: ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, gaɓa ta koma gaba, a bar mai karatu ya yi ta canke. Ba laifinsu ba ne. Makarantar gwaji ta farko da aka koyar da yara cikin Hausa an buɗe ta a Damagaram a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan gida tare da Faransanci, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutunsu, har da harafin ƴ da muke rubutawa inda ƴan Nijeriya suke sa waƙafi a gaban y. Fiye da shekara 50 ke nan, amma mafi yawan yaranmu har yau ba su taɓa zama ajin da aka nuna musu bambancin d da ɗ ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin wani ɓangaren matsalar yana cikin aljihunsu: allon rubutu na Gboard yana da Hausa da duk haruffanta, minti biyu ya isa a kunna shi. Babu wanda ya gaya musu.

Wani zai ce, ai ana ganewa, mene ne na damuwa? Damuwar ita ce na'urorin yau daga rubutu suke koyo. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, yanzu kuma ga manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa. Abin da suka tarar a rubuce shi suke ɗauka a matsayin Hausa, abin da suka tarar kuwa mafi yawansa daga kudancin iyaka ya fito. Bakano zai ji muryarsa a ciki. Ba'adare da ke cewa "shina tahowa", Bagobiri da ke cewa "munka" da "sunka", mutumin Arewa da na Kurfai, da mu duka da muke cewa lakwal da kaye da jaka, ba mu ciki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ban ce a watsar da daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake rubuta wannan. Amma daidaitacciyar Hausa kogi ce da ya kamata kowane rafi ya zuba mata ruwa. Sunayen iri-irin hatsi da manomin Tasawa ya sani, kalmomin rijiya da na raƙumi da na fatauci, sunayen itatuwa da ciyayi, idan ba a rubuta su ba, jikokinmu za su tambayi na'ura ta ce musu babu wannan kalma, su kuma su yarda da ita su ƙaryata kakarsu. An taɓa nuna cewa aikin mai yiwuwa ne: ƙamus na Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Tamajak da aka rubuta a nan don makarantu, an ɗora su a intanet ƙarƙashin shirin DiLAF. Malamai nawa ne suka san da zamansu?

Akwai kuma maganar da ya kamata mu Hausawa mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. Yau da aka ɗaga Hausa, wasu ƴan uwanmu suna jin an bar su a baya, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Hausa ko gwamnatin Nijar ba ta kashe mata dala ba, ba za ta ɓace daga intanet ba. Tana da miliyoyin masu magana a Nijeriya, tana da Kannywood, tana da gidajen rediyon duniya, tana da Wikipedia mai girma. Tasawak na Ingal fa? Buduma na bakin tafkin Cadi? Tubanci? Gurmanci? Waɗannan ba su da kasuwar da za ta ɗauke su. Idan akwai kuɗin juya faifai da naɗar muryar tsofaffi, ni a ganina su ya kamata a fara da su, kuma rumbun da nake magana ya zama kowane harshe yana da ɗakinsa a ciki, da fassara tsakaninsu. Ƙasar da UNESCO ta karrama wasan taubasantakarta a 2014 bai kamata ta bar intanet ta zama wurin da ƙabilu ke zagin juna da gaske ba, alhali abin da ya haɗa su yana kulle cikin kwali.

Buɗe rumbu ba wawaso ba ne. Makaɗin da aka naɗa a 1970 yana da magada, wasu suna cikin talauci yayin da muryar ubansu ke yawo a wayoyi. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA. A sa ta cikin aikin tun daga farko, gwamnati ta biya haƙƙin sau ɗaya a fili, sannan ta saki abin ga jama'a. Kuma ba kowane abu ake ɗorawa ba. Akwai sirrin gida, akwai na sana'a irin ta maƙera da wanzamai da masunta, akwai matan da ba su yarda a nuna fuskarsu ba. Mai abu shi zai ce wannan a fitar, wannan a bari.

A nan ne makarantun horon malamai za su yi amfani fiye da kowane ofis na Yamai, domin babu ma'aikacin gwamnati da ya kai malamin makaranta shiga lungu. Inda babu likita, babu jandarma, za ka tarar da mushe a rumfar zana. Da za a sa cikin tsarin horo cewa kowane ɗalibi malami, kafin ya karɓi takardarsa, sai ya naɗi hira ɗaya da wani dattijo ko dattijuwa na garin da ya yi koyon aiki, da izininsu, ya rubuta ta bisa ƙa'ida, ya sa suna da wuri da rana, da cikin shekara biyar mun tara abin da babu wata cibiyar bincike da za ta iya tarawa. Tarihin kafuwar gari, waƙoƙin daka da na niƙa, wasannin dandali, yadda aka tsallake yunwar 1984, yadda ake haƙar rijiya a ƙasa mai duwatsu. Ɗalibin ya koyi sauraro, ya koyi rubuta harshensa, ya kuma sami abin da zai karanta wa yaransa a aji wanda ba labarin dusar ƙanƙara ba ne. Wayar da zai yi aikin da ita tana hannunsa tun tuni. Abin da babu shi ne malamin da zai duba rubutun, da wurin da za a zuba shi, da takardar minista da za ta ce wannan ma darasi ne mai maki.

Iyaye kuma ba sai sun jira takardar minista ba. Wanda mahaifiyarsa ke raye, ya ba ɗansa wayar ranar Juma'a da yamma ya ce je ka wurin kaka ta ba ka tatsuniya ka naɗo mana, ka tambaye ta sunayen kakanninta da garin da suka taso. A tura wa dangi a zauren WhatsApp na gida, inda dama ake tura sanarwar suna da ta rasuwa. A ajiye kwafi a katin waya na biyu cikin akwati, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha.